Shin Hali Zanen Dutse Ne?

Karatu: Irmiya 17:1-10, Ezekiyel 36:24-28, Luka 19:1-10

Duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis ya san yadda ake sayen sa. Mai saye ba ya gaggawa. Yakan zagaya dabbar, ya buɗe bakinta ya duba haƙoran da ta sake domin ya san shekarunta, ya taɓa tozo, ya dubi kofato, ya sa a ja ta ta yi tafiya a gabansa. In gwani ne, kafin ya yi tayi ya riga ya san abin da zai saya, gama dabba ba ta da inda za ta ɓoye kanta. Amma wannan gwani da ya karance sa cikin ɗan lokaci zai iya yin shekara ashirin yana ciniki da dillali guda, ranar da ya ce ya gama saninsa ita ce ranar da zai ga abin da bai taɓa zato ba, ko na alheri ko na cuta. Shi ya sa ake cewa ɗan Adam mai wuyar gane hali.

Magabata sun bar mana wata magana kuma, wadda ta fi waccan nauyi. Sun ce hali zanen dutse ne, ba mai iya shafe shi. Muna faɗarta kullum ba tare da mun auna abin da ke cikinta ba. Miji ya ɗaga wa matarsa hannu, in aka yi masa magana sai ya ce, “Haka Allah ya yi ni, ni mai zafin rai ne.” Uwa ta gaji da ɗanta mai ɗauke-ɗauke, ta cire rai da shi, ta ce mai hali ba ya fasa halinsa. Wani ya faɗi cikin zunubi, ya zo gaban ikilisiya ya tuba da hawaye, amma bayan shekara goma ana nuna shi da baki. In har hali zanen dutse ne ta kowace fuska, to, mijin nan yana da hujja, uwar nan ta yi daidai, wa'azin tuba da muke ji kowace Lahadi kuwa ɓata lokaci ne. Saboda haka tambayar ta shafi kowane gida a cikinmu, ya kuwa kamata mu dube ta a hankali.

Bari mu fara da abin da aka yi mutum da shi. Littafin Farawa ya gaya mana abu biyu. A sura ta 2 an ce daga turɓaya aka siffanta shi, Allah kuma ya hura masa numfashin rai. A sura ta 1 an ce cikin kamannin Allah aka halicce shi, namiji da mace. Ta wajen turɓaya muna da tarayya da dabbobin da ke ɗaure a kara. Suna jin yunwa da ƙishirwa, mu ma haka. Suna firgita, suna fusata. Saniyar da aka raba da maraƙinta takan yi ta kuka har a ɗora ta a mota, ba kuwa uwar da za ta ji wannan kuka ba ta gane shi ba. Amma akwai abin da ba a taɓa samu a turke ba. Sa bai taɓa kwana yana juyi saboda ya tunkuyi ɗan'uwansa ba. Raƙumi bai taɓa ɗaukar alkawari ba, balle ya ji kunyar saɓa shi. Mutum kaɗai ne yake aikata abu, sa'an nan ya koma gefe ya dubi kansa ya ce, “Bai kamata in yi haka ba.” Wannan murya ta ciki ita muke kira lamiri, ita ce kuma babbar shaida cewa turɓayar nan tana ɗauke da numfashin wani.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan. Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya yi nazari a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki, aka buga shi a 1974. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ba shi ya ƙirƙiro su ba, a bakin mutane ya same su. Manzo Bulus ma ya nuna a Romawa 2:14-15 cewa ko al'umman da ba a ba su Shari'ar Musa ba suna da abin da Shari'ar take nema a zukatansu, lamirinsu yana yi musu shaida. Mu da muke zaune a bakin iyaka muna ganin haka kowane mako. Makiyayi yakan taso daga cikin Nijar ya damƙa wa mai masaukinsa garke guda ba takarda ba shaida, ya koma, kuɗinsa kuma su same shi cif. Yawancin masu riƙe irin wannan amana maƙwabtanmu Musulmi ne. Mai bi na gaskiya ba ya raina wannan kirki. Yakan gode wa Allah dominsa, ya kuma tambayi kansa ko shi ma za a iya damƙa masa garke haka.

Sai dai zuciyar da ta san amana ita ce kuma ta san yadda ake cinta. Mun ga wannan da idonmu sa'ad da hanya ta toshe. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai a watan Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024. Kasuwa ta yi sanyi, abinci ya yi tsada, masu lodi da masu abinci da 'yan acaɓa suka shiga ƙunci. A wannan lokaci wani ya buɗe rumbunsa ya auna wa maƙwabcinsa gero bashi, bai sa ranar biya ba. Wani kuwa ya kulle nasa yana jiran tiya ta ƙara tsada, irin wanda Karin Magana 11:26 ta yi gargaɗi a kansa. Abin da ya fi ba da tsoro shi ne, sau da yawa mutum ɗaya ne yake yin duka biyun: ya ji tausayin na ƙofar gidansa da safe, ya tsawwala wa baƙo da yamma. Wahala ba ta sa wa kowa sabon hali ba, ta dai buɗe murfin tukunya ne.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana inda wannan rabuwa ta faro. A Farawa 3, da mutum ya juya wa Mahaliccinsa baya, abubuwan da suka fara bayyana su ne kunya, da tsoro, da ɓuya, da ɗora wa wani laifi. A sura ta 4 sai ga hassada da fushi, a wurin sujada ma suka tsiro, tsakanin wa da ƙane, suka ƙare da jini a saura. Agustin, wanda ya zama bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya rayu daga 354 zuwa 430, ya ba da labarin yadda shi da abokansa suka saci 'ya'yan itacen wani maƙwabci yana ɗan shekara 16. Ba yunwa suke ji ba, akwai waɗanda suka fi su kyau a gidansu, yawancin abin da suka sata ma aladu suka zubar wa. Da ya girma ya yi ta tambayar kansa me ya so a cikin wannan sata, sai ya tarar laifin kansa ya so, da kuma daɗin yinsa tare da abokai. Daga irin wannan bincike ya koyar cewa ciwon mutum yana cikin ƙaunarsa: an yi shi domin ya ƙaunaci Allah gaba da kome, sai ya ɗauki na ƙasa ya sa a sama. Son abinci ya zama haɗama, son girma ya zama fahariya, son dangi ya zama ƙin baƙo, neman abin rufin asiri ya zama bautar kuɗi.

A nan dole mu yarda cewa karin maganar magabata tana da gaskiya, annabawa ma sun goyi bayanta. Irmiya 17:1 ya kwatanta zunubin Yahuza da rubutun da aka sassaƙa da alƙalamin ƙarfe a kan allon zuciya. A 13:23 annabin ya ce wanda ya saba da mugunta ba zai iya juyawa ga nagarta da kansa ba, kamar yadda damisa ba ta iya sake zanen jikinta. Wane ne a cikinmu bai gwada ba? Sau nawa muka tsaya a sujadar daren shiga sabuwar shekara muka ɗau alkawari cewa mun bar giya, ko tsegumi, ko ƙarya a ciniki, kafin hunturu ya wuce mun koma gidan jiya? Manzo Bulus ya bayyana wannan gwagwarmaya a Romawa 7, inda mutum yake ganin nagarta yana sonta, hannunsa kuwa yana miƙewa ga abin da yake ƙi. Duk mai cewa sauya hali abu ne mai sauƙi bai taɓa kokawa da nasa ba.

Amma annabawan ba su tsaya nan ba. Irmiyan da ya ga zanen ƙarfe a kan zuciya shi ne a 31:33 ya kawo alkawarin sabon rubutu, wanda Allah da kansa zai yi a zukatan mutanensa. Ezekiyel kuwa, yana cikin 'yan bauta a Babila, ya faɗi abin da ya fi haka a 36:26: Allah zai cire zuciyar da ta zama dutse, ya sa mai rai a madadinta. Karin magana ta ce ba mai iya shafe zanen da ke kan dutse. Ubangiji bai yi gardama da ita ba. Ya ce zai ɗauke dutsen. Abin da magabata suka faɗa iyakar ikon mutum ne suka auna, sun kuwa auna daidai. Ikon wanda ya yi mutum bai shiga ma'auninsu ba.

To, me yake sauyawa, me kuma yake zama yadda yake? Mu koma kasuwa, sashen raƙuma. Za ka ga raƙumi da alamar da masu shi na fari suka yi masa da ƙarfe mai zafi. Ciniki ya faɗa, mai shi ya ce ya sallama, aka biya kuɗi, aka ba dillali la'adarsa. Alamar tana nan, tsayinsa yana nan, ƙarfinsa da taurin kansa suna nan. Abu ɗaya ya sauya: akala ta koma wani hannu, daga yau kuwa wata hanya zai bi, wani kaya zai ɗauka. Manzo ya tuna wa Korantiyawa cewa sayensu aka yi da tamani, su ba na kansu ba ne kuma (1 Korantiyawa 6:19-20). Misalin yana da iyaka, domin Almasihu ba ya jan kowa kamar raƙumi da akala. Kira yake yi, mutum ya amsa da yardar ransa. Duk da haka misalin ya nuna mana wani abu. Sabuwar haihuwa ba ta mai da mai zafin jini ya zama mai sanyi, ko mai yawan magana ya zama shiru-shiru. Tana sauya wanda yake riƙe da su, da inda suka nufa.

Hujjarmu ita ce Ubangiji Yesu kansa, wanda shi ne cikakken mutum. Ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Ya yi fushi a majami'a da ya ga taurin zuciyar waɗanda suka fi son ka'ida da warkewar mai shanyayyen hannu (Markus 3:5). Tausayi ya kama shi da ya ga taro kamar garken da ba makiyayi. Ya gaji, ya ji ƙishirwa a bakin rijiya, baƙin ciki mai tsanani ya rufe shi a Getsamani. Duk abin da yake motsa zuciyarmu ya motsa tasa, amma bai yi zunubi ba. Ashe fushi da tsoro da baƙin ciki ba su ne ƙazantarmu ba. Kayan aiki ne da Allah ya ba mu. Fushi domin ƙin zalunci aka yi shi, tsoro domin kiyaye rai, kunya domin ta tsare mutunci. Wuta ɗaya ce take dafa tuwo, ita ce kuma take cin danga.

Dubi waɗanda Allah ya yi aiki da su. Yohanna ɗan Zabadi, wanda Yesu ya laƙaba masa shi da ɗan'uwansa Yakubu sunan 'ya'yan tsawa, ya taɓa neman izinin kiran wuta ta cinye wani ƙauyen Samariyawa domin sun ƙi karɓarsu (Luka 9:54). A Ayyukan Manzanni 8 sai ga shi a Samariya tare da Bitrus, yana ɗora wa Samariyawa hannu domin su karɓi Ruhu Mai Tsarki. Himmar da ta sa Shawulu ya kama hanyar Dimashƙu domin kama masu bi ita ce ta kai shi Makidoniya da Roma da bishara. Zakka kuma labarinsa ya fi kusa da mu, gama Yariko gari ne na kan hanyar fatake, wurin karɓar kuɗin fito, shi kuwa shugaban masu karɓar haraji ne. Kowa a garin ya gama yanke hukunci a kansa. Da Yesu ya sauka a gidansa, mutumin da ya iya lissafi bai daina lissafi ba: ya raba dukiyarsa biyu ya ba matalauta rabi, ya kuma ɗau alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.

Na san wani dattijo a cikinmu wanda ya yi shekaru yana dillanci a kara. An san shi da zafin rai da kaifin baki. Ya taɓa sayar wa wani manomi daga wajen Sule Tankarkar san noma, yana sane da cewa san yana da ciwon da ba ya nunawa sai an sa shi aiki. Damina ta faɗi, sa ya kwanta a tsakiyar huɗa, gonar mutumin ta lalace. Ba wanda ya iya kama shi da laifi, domin an yi ciniki a gaban shaidu. Shekara biyu abin yana cinsa. Wata Lahadi aka karanta labarin Zakka, washegari ya sayar da tumakinsa, ya hau mota ya je ya nemi manomin, ya faɗi abin da ya yi a gaban mutanen gidan, ya ajiye kuɗin. Har yau dattijon nan yana da zafi, muryarsa ma ba ta ragu ba. Amma yanzu abin da yake tayar masa da rai shi ne ya ga ana shirin cutar baƙon da bai san kan kasuwa ba. In kuwa ya yi wa wani tsawa ba bisa gaskiya ba, rana ba ta faɗuwa sai ya je ya ba da haƙuri, kamar yadda Afisawa 4:26 ta koyar.

Wani zai ce, in haka ne, me ya sa muke ganin masu bi da yawa da halinsu na dā? Amsa ta fari ita ce, Nassi ya kira halin sabon mutum 'ya'ya (Galatiyawa 5:22-23), 'ya'ya kuwa ba sa nuna ranar shuka. Manomin gero a ƙasar Gumel ya san tsawon jiran da ke tsakanin ruwan fari da kaka, ya kuma san gonar da ba a yi wa noma ciyawa ce take cinye ta. Addu'a, da karatun Maganar Allah, da zumuntar 'yan'uwa, da furta laifi, da mayar da abin da aka ƙwace, su ne fartanyarmu. Amsa ta biyu, tsohon hali yakan ɗaga kai har ga manyan bayin Allah. Musa, wanda ya kashe Bamasare cikin fushi, ya kai matsayin da Littafin Ƙidaya 12:3 ya yabi tawali'unsa, duk da haka a Meriba fushi ya sa ya bugi dutse. Bitrus, bayan wa'azin Fentikos, ya sake jin tsoron mutane a Antakiya har Bulus ya tsauta masa a fili (Galatiyawa 2:11-14). Mutum tara yake, bai cika goma ba. Alamar sabuwar zuciya ita ce inda mutum yake fuskanta in ya tashi daga faɗuwa. Bitrus da Yahuza Iskariyoti duk sun ci amanar Ubangijinsu a dare ɗaya, duk sun yi baƙin ciki. Ɗaya ya koma wurin Ubangiji da kunyarsa, ɗaya ya tafi da tasa shi kaɗai.

Saboda haka, ƙaunatattu, akwai magana biyu da ya kamata su fita daga bakin mai bi. Ta fari ita ce, “Haka nake.” Gaskiya ne haka aka haife ka, wataƙila haka ka tarar da mahaifinka yana yi. Amma tun kafin Kayinu ya ɗaga hannu Allah ya yi masa magana, ya faɗakar da shi cewa zunubi yana fako, ya kuma ce masa ya rinjaye shi. Wanda ya mai da halinsa mafaka ya rufe ƙofar da alheri zai shigo. Ta biyu ita ce, “Haka yake, ba zai sake ba.” Da Barnaba ya faɗi haka, da bai kama hannun Shawulu ya kai shi wurin manzanni ba sa'ad da kowa yake tsoronsa, da kuma bai sake ɗaukar Markus ba bayan ya gudu daga aiki, Bulus da ya ƙi tafiya da Markus shi ne daga baya ya aika a kawo masa shi domin yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11). Wannan ba ya nufin a damƙa wa ɓarawon jiya asusun ikilisiya yau, ko a ce wa matar da ake duka ta yi shiru tana jira. Dattawa su shiga maganar, a kāre wanda ake cuta, a bar tuba ta nuna 'ya'yanta. Amma kada a cire rai da kowa muddin yana numfashi.

Ranar Alhamis mai zuwa, in ka ga an miƙa akala daga hannu zuwa hannu, ka tambayi kanka: fushina, da tsorona, da son da nake yi wa kuɗi da girma, a hannun wa suke yau?

Addu'a: Ya Ubangiji Mahaliccinmu, kai ka san abin da aka yi mu da shi, ka kuma san abin da muke ɓoye wa juna. Mun gaji da kankare dutse da farcenmu. Ka cire shi, ka ba mu zuciya mai rai. Ka karɓi zafinmu da tsoronmu da ƙaunarmu, ka bi da su hanyarka. Ka ba mu haƙuri da 'yan'uwanmu kamar yadda kake haƙuri da mu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.